Yadda ake kula da tsohon kare mai ciwon daji bayan an yanke masa ƙafa

Karen da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji yakan dawo gida da abu biyu: dogon rauni da zai ɗauki kamar mako biyu kafin ya haɗe, da kuma cutar da wuƙar likita ba ta kai gare ta ba. Yawanci ciwon da ke kai ga yanke ƙafa shi ne ostiyosakoma, wato kansar ƙashi, wadda ita ce kusan kashi 85 cikin 100 na ciwon dajin da ke farawa daga ƙashin kare. Ta fi kama manyan karnuka irin su Rottweiler, Great Dane da Greyhound, kuma ta fi fitowa a wuyan ƙafar gaba, ko kusa da kafaɗa, ko sama da ƙasan gwiwar ƙafar baya. Daga ciki take cin ƙashi, in ta yi nisa kuma zafinta ya fi ƙarfin ƙwaya. Yanke ƙafar yana raba kare da wannan azaba, shi ya sa za ka ga ya fi walwala mako biyu bayan tiyata fiye da yadda yake wata guda kafin a yi ta. Sai dai a kusan karnuka 9 cikin 10, ƙwayoyin cutar sun riga sun bi jini sun bazu, musamman zuwa huhu, tun kafin a gano ta, ko da hoton ƙirji bai nuna komai ba.

Don haka aikin da ke gabanka iri biyu ne: kiyaye ƙafafu ukun da suka rage, da sa ido kan ƙirji. Na farkon ne ke hannunka kusan baki ɗaya, kuma a nan ne masu karnuka suka fi yin kuskure.

Gyara gida kafin ya iso

Fara da ƙasa. Tayil, siminti mai sulɓi da katako mai sheƙi su ne manyan abokan gabar kare mai ƙafa uku. In ya zame sau ɗaya, ko ɗinki ya ɓalle, ko ya gurɗe ƙafar da ya dogara da ita, ko kuma tsoro ya shige shi ya ƙi tashi gaba ɗaya. Shimfiɗa kafet mai roba a ƙarƙashi, ko tabarmar roba irin ta motsa jiki, daga makwancinsa zuwa wurin ruwa, daga nan zuwa ƙofar fita. A haɗa su ba giɓi, domin a giɓin ne yake faɗuwa. Kada a manta da wurin juyawa da bakin ƙofa.

Makwanci ya zama katifa mai tauri, ƙasa-ƙasa, ba mai laushin da zai nutse a ciki ba. Tsohon kare yana buƙatar abin da zai dafa ya yunƙura. Katifar da ke lotsewa tana cinye ƙarfin yunƙurin. Ɗaga kwanon abinci da na ruwa zuwa daidai ƙasan ƙirjinsa, musamman in ƙafar gaba ce aka cire, don sunkuyawa kan ƙafa ɗaya tana sa shi tangaɗi. Tare matattakala da shinge. In akwai wasu karnuka a gidan, a raba su da shi har sai an cire zaren ɗinki.

Wace ƙafa aka cire yana da muhimmanci. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya. Wanda ya rasa ta gaba ya fi shan wuya, kuma saukowa daga matattakala ce ke ba shi matsala. Wanda ya rasa ta baya, hawa ne ke gagararsa, domin da ƙafafun baya kare ke tunkuɗa jikinsa sama.

Mako biyu na farko: rauni

Raunin ya fi girman yadda mutane ke zato, kuma an aske gashi da faɗi a kewayensa. In ƙafar gaba ce, sau da yawa har da allon kafaɗa ake cirewa, sai gefen ƙirjin ya zama shafal. Duba shi safe da yamma a wuri mai haske, ka ɗauki hotonsa da waya kullum daga wuri ɗaya. Ido yakan saba da abu, amma hoton jiya kusa da na yau ba ya ruɗi.

Abin da ba na tashin hankali ba: jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, ja ko shuɗi-shuɗi, yana gangarowa zuwa ciki ko ƙirji cikin kwana uku zuwa huɗu, ɗan ruwa-ruwa mai launin ruwan hoda yana tsattsafowa a kwana biyun farko, da kumburi mai laushi da ke motsi kamar an ɗura ruwa a leda. Wannan kumburin ruwan jiki ne da ya taru a gurbin da aka cire tsoka, yawanci jiki na shanye shi da kansa. Yawan zirga-zirga ne ke ƙara shi. Kada ka huda, kada ka matse. Duk hujin da aka yi ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Abin da ke buƙatar kiran likitan dabbobi a ranar: mugunya, wari, wurin ya yi zafi da tauri, bakin raunin ya buɗe, fatar gefen ɗinki ta yi baƙi, ko jini ja yana ɗiga ba ya tsayawa bayan an danne da tsumma mai tsabta na minti biyar. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Ya kamata ya zama ruwan hoda, in ka danna da yatsa launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat tare da kasala alama ce ta zubar jini, wannan ba a jira gari ya waye.

Lasa ita ce ke lalata ɗinki fiye da komai, kuma cikin 'yan mintuna kare zai iya warware aikin likita. Kwalar roba mai kama da mazurari ta zauna a wuyansa dare da rana, bakinta ya wuce tsinin hancinsa. Riga mai tsabta ta auduga tana hana ƙura da susa in raunin a gaba yake, gajeren wando in a baya yake, amma ba su maye gurbin kwalar ba. Kada a shafa man shafawa, barasar goge rauni ko wani garin magani sai likita ya ce. Ba wanka. A kwana ukun farko ana iya ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tawul a gefen raunin minti 10, sau uku ko huɗu a yini. Daga nan sai a koma tawul mai ɗumi. Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Fitsari dole ya yi cikin awa 24 da dawowa. Kashi kuwa yana iya jinkiri kwana uku zuwa biyar saboda allurar barci da magungunan kashe zafi, ba abin damuwa ba ne muddin ba ya nishi a banza ko amai.

Ɗaga shi da tallafa masa

Naɗe babban tawul a tsaye, ka zura shi a ƙarƙashin ƙirji in ƙafar gaba ce babu, ko ƙarƙashin ciki gab da cinya in ta baya ce, ka riƙe bakin biyu a sama. Ga namiji, a kula kada tawul ya danne gabansa, in ba haka ba ba zai iya fitsari ba, ko ya jiƙa tawul ɗin. Manufa ita ce ka hana shi faɗuwa, ba ka ɗauke shi sama ba. In kana ɗauke masa nauyi duka, ba zai koyi inda zai dasa ƙafarsa ba. Kare mai ƙafa uku yakan matso da ƙafar da ta rage zuwa tsakiyar jiki, ya tsaya kamar murhu mai duwatsu uku, kuma da kansa yake gano wannan.

Bayan an cire zare, nemi rigar ɗauri mai mariƙi a gadon baya. Ita za ta yi maka amfani wajen shiga mota da hawa matattakala har ƙarshen rayuwarsa. In sai an ɗauke shi cak, hannu ɗaya a gaban ƙirji, ɗaya a bayan cinyoyi. Kada a taɓa jan sa ta ƙafa ko ta hammata. Babban kare kuwa mutum biyu ne, da bargo a matsayin gadon ɗaukar mara lafiya.

Magungunan zafi

Likita yakan haɗa iri biyu ko uku, domin kowanne da hanyar da yake tare zafi: mai rage kumburi irin su carprofen ko meloxicam, mai kwantar da jijiya irin gabapentin, wani lokaci da amantadine ko wani mai ƙarfi na 'yan kwanaki. Ba shi a kan lokaci, ko da ka ga kamar lafiyarsa ƙalau. Zafin da aka bari ya taso ya fi wuyar kwantarwa fiye da wanda aka tare tun da wuri. Rubuta jadawali ka manna a bango, duk wanda ya ba da magani ya sa alama. A gidan da mutum biyu ke jinya, ninka magani ba da sani ba abu ne mai sauƙin faruwa.

Akwai dokokin da ba a karyawa. Kada a ba kare ibuprofen ko naproxen, suna huda ciki su lalata ƙoda. Paracetamol ma sai da awon likita. Kada a haɗa maganin kumburi da prednisolone ko ɗan'uwansa, haɗin yana kawo gyambon ciki. Ba da maganin kumburi tare da abinci, in ka ga amai, gudawa, ƙin cin abinci ko kashi baƙi kamar kwalta, dakatar da shi ka kira likita. Tsohon kare da zai daɗe a kan irin wannan magani yana buƙatar gwajin jini na ƙoda da hanta lokaci-lokaci. Gabapentin yana sa barci da tangaɗi a kwanakin farko, kuma ba a yanke shi farat ɗaya in an daɗe ana sha, a hankali ake ragewa. Na ruwa da aka yi don mutane wani lokaci yana ɗauke da xylitol, wani sinadarin zaƙi wanda guba ne ga kare, saboda haka a karanta jikin kwalba.

Kare ba kasafai yake kuka don zafi ba. Abin da za ka gani shi ne haki alhali ba zafin rana, ya kasa samun kwanciyar da ta yi masa, ya sunkuyar da kai, ya ƙi abinci, ko ya ɗaure jiki in ka kai hannu. A gefe guda, magunguna masu ƙarfi su ma suna sa kuka da haki da zarya. In ka yi masa magana ya yi shiru, ka taɓa kewayen raunin a hankali bai zabura ba, mai yiwuwa maganin ne ya yi masa yawa. Faɗa wa likita abin da ka gani, shi zai daidaita.

Wasu karnuka suna jin zafin ƙafar da babu ita. Yana kwance lafiya sai ya yi ƙara ya zabura, ya waiga yana duban gurbin, tsokar wurin tana rawa, bayan 'yan daƙiƙu ya lafa. Jijiyoyin da aka yanke ne ke aika saƙon ƙarya. Rubuta lokaci da yawan faruwarsa, domin da wannan ne likita zai san ko ya ƙara maganin jijiya.

Tafiya da motsa jiki

Kafin a cire zare, fita don fitsari da kashi kawai, da igiya, minti biyar, sau huɗu ko biyar a yini. Kwana na uku zuwa na bakwai wasu karnuka sukan yi sanyi, magungunan asibiti sun bar jiki, tsokoki sun gaji da sabon salon tafiya. Wannan ba koma baya ba ne.

Bayan an cire zare, fara da minti biyar sau uku a yini, ka riƙa ƙara minti biyu ko uku a kowane mako in yana jurewa. Gajerun fita da yawa sun fi doguwa ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tafiya a hankali ta fi wahalar da kare mai ƙafa uku fiye da sassarfa. Tsalle-tsalle yake yi, saurin ne ke taimaka masa ya daidaita. Bar shi ya yi gaba da saurinsa, ya tsaya ya huta, maimakon ka ja shi ya bi takunka. In ya zauna a tsakiyar hanya, ko ƙafar da ta rage tana karkarwa, ko wuyan ƙafar gaba yana lanƙwashewa zuwa ƙasa, ko washegari ya tashi jiki a sanƙare, an wuce gona da iri. A rage rabi na kwana biyu. Jefa masa ƙwallo, dirowa daga mota da dirowa daga kujera duk a daina. Katako mai gangara da aka lulluɓe da kafet ya wadatar wajen shiga mota.

Ƙarfin ciki da na baya shi ke riƙe shi. Sa shi ya zauna ya tashi sau biyar, sau biyu a yini. Riƙe ɗan abinci kusa da haƙarƙarinsa ya juyo da wuya ya karɓa, dama da hagu. Yana tsaye, dafa kwatangwalonsa ka ɗan tura shi gefe kaɗan ya turje. Iyo da tafiya cikin ruwa suna da amfani bayan rauni ya warke sarai, da rigar da ke hana nutsewa. In yana da amosanin gaɓɓai, kamar yawancin tsofaffin karnuka, a yi maganinsa da gaske, domin yanzu ba shi da ƙafar da zai huta a kanta.

Yanke masa farce duk mako biyu zuwa uku. In kana jin ƙarar farce a ƙasa, ya yi tsawo. Aske gashin da ke tsakanin tafin ƙafa, shi ke sa santsi. Duba tafin kullum ko ya tsage. Wanda ya rasa ƙafar baya ba zai iya susar kunne da wuyan wannan gefen ba, za ka ga kututturen yana motsi a banza. Sosa masa, ka kuma leƙa kunnen.

Nauyi da abinci

Auna shi bayan tiyata ka rubuta, domin ƙafar ma tana da nauyinta, kuma da sabon awon za a lissafa magani da abinci. Daga nan a auna duk mako biyu. Shafa gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, daga sama kuma ka ga ƙugu ya ɗan shiga. A ma'aunin jiki mai maki 9 da likitoci ke amfani da shi, 4 zuwa 5 ake so. Tausayi yakan sa a riƙa ɗura masa lashe-lashe, kuma kowane kilo da ya ƙaru kan ƙafa uku yake sauka. Kare mai kilo 30 yana ƙona kusan kalori 900 a yini in yana kwance kawai, tsoho mara yawan motsi kaɗan yake buƙata sama da haka. Kayan kwaɗayi kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci.

Rama ita ma abin tsoro ce. In kare mai kilo 30 ya zubar da kilo ɗaya da rabi cikin wata ba da niyyarka ba, ko ƙashin bayansa da na kansa suka fara fitowa, a sanar da likita. In ya ƙi ci, ɗumama abincin kaɗan ƙamshi ya tashi, ka ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu. Akwai magungunan tashin zuciya kamar maropitant da na buɗe ciki kamar mirtazapine. Kada a ɓoye ƙwaya mai ɗaci cikin abincinsa na kullum, zai iya ƙyamar abincin gaba ɗaya. Man kifi yana taimaka wa gaɓɓai, amma likita ya faɗi adadi, don yawansa na sa gudawa.

In za a yi kemo

Ga ostiyosakoma, karnukan da aka yi wa yanka kaɗai rabinsu ba sa wuce wata huɗu zuwa biyar. In aka haɗa da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, wannan lokaci yakan kai wata 10 zuwa 12, kuma kusan ɗaya cikin biyar yana kaiwa shekara biyu. Wasu ire-iren ciwon daji da ke sa a yanke ƙafa ba sa bazuwa haka, don haka ka karɓi sakamakon gwajin tsokar da aka cire ka ji ainihin sunan cutar.

An fi amfani da carboplatin, ta jijiya, duk mako uku, sau huɗu zuwa shida, ana farawa wajen lokacin cire zare. Akwai kuma doxorubicin, wanda ke iya taɓa zuciya in ya taru a jiki, shi ya sa ake duba zuciya kafin a fara. Adadin da ake ba kare bai kai na mutum tsanani ba, yawancinsu suna jurewa, gashi ma ba ya zuba sai ga masu gashin da ba ya daina tsiro irin Poodle. Amai ko gudawa, in za su zo, sukan zo kwana biyu zuwa biyar bayan allura. Fararen ƙwayoyin jini suna yin ƙasa wajen mako ɗaya zuwa biyu, da carboplatin wani lokaci har mako uku, kuma a wannan tsakani ƙaramar cuta na iya zama babba. Mallaki ma'aunin zafi na dubura. Zafin kare lafiyayye digiri 38 ne zuwa 39.2, in ya kai 39.5 tare da kasala, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Ɗanyen nama a dakatar da shi muddin ana kemo.

Maganin yana fita ta fitsari da kashi, musamman kwana biyu zuwa uku bayan allura. Sa safar hannu wajen kwashewa, wanke shimfiɗarsa daban, mai juna biyu da yara kuma kada su taɓa.

Sa ido kan ƙirji da sauran jiki

Hoton ƙirji duk wata biyu zuwa uku. A gida kuwa, ƙirga numfashinsa yana barci: hawa da saukar ƙirji ɗaya ne, ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai. Rubuta sau biyu a mako. Adadin da ke hawa a hankali ya fi awo ɗaya faɗin gaskiya. Tari, saurin gajiya, sabon ɗingishi, zafi a ƙashin baya, ko ƙafafu su kumbura su yi ɗumi, duk a kai shi a duba. Ɗingishi a kare mai ƙafa uku ba a ba shi mako ana jira, domin cutar tana iya komawa wani ƙashin.

In ya kai ga yawan kwanciya, a juya shi duk awa huɗu zuwa shida, a duba gwiwar hannu da kwatangwalo ko fata ta fara ja, a kuma tsane shi da zarar fitsari ya taɓa shi.

Auna jin daɗin rayuwarsa

Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai abu bakwai: zafi, ci, shan ruwa, tsabta, walwala, motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wuya yawa. Kowanne maki 0 zuwa 10, jimla 70. Sama da 35 ana ɗaukar rayuwar tana da sauran daɗi. Cike shi duk mako, mutum biyu kowa daban in zai yiwu. A kalanda kuma sa wa kowace rana alama, mai kyau ko mara kyau. Sai dai jimla ba ta rufe komai ba: wahalar numfashi ko zafin da magani ya kasa, kowanne shi kaɗai ya isa a yanke shawara ko da sauran makin suna sama.

Yi maganar ƙarshe da likita tun kare yana cikin ƙarfinsa: wa za a kira da dare, ko ana zuwa gida, wane magani za a ajiye don daren da abu ya rikice, da kuma alamomin da in an gan su ba za a ƙara jira ba, kamar numfashi da baki a buɗe wuya a miƙe, dasashi ya yi shuɗi, ko kasa tashi kwana biyu a jere. Idan aka zaɓi allurar sauƙaƙa masa tafiya, akan fara da mai sa barci, sannan a ba shi maganin barci mai yawa ta jijiya, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintuna. Idanu sukan zauna a buɗe, wani lokaci tsoka ta motsa ko ya ja dogon numfashi ɗaya bayan ya riga ya tafi. A lokacin ba ya jin komai, amma gara a gaya wa duk wanda zai tsaya a wurin tun kafin a fara.